Ofis a Cikin Jaka: Darasi Kan Rayuwar Makiyayan Intanet



Mu da muke ajin ƙarshe, hirarmu ta canja a 'yan watannin nan. Da can hirar ƙwallo ce da ta malamin da ke matse maki. Yanzu kuwa duk inda mutum uku suka zauna, ko gindin bishiya ko wajen mai shayi, tambayar ɗaya ce: in an karɓi sakamako, sai ina? Rannan abokina da muke ɗaki ɗaya ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton wani Bature zaune a bakin teku, kwamfuta a cinya, kwakwa a gefe. Ya ce, "Ka ga rayuwa! Ba oga, ba ofis, ba cunkoson mota. Ni wannan zan yi."

Dariya na yi, don ni ma na taɓa faɗin haka, har na gwada. Gwajin ya ci mini dala 60 da mai ba ni aiki guda ɗaya tilo da nake da shi. Bayan abin ya faru ne na zauna na karanci wannan rayuwa da kyau, kuma abin da na fahimta shi nake son mu duba tare. A taƙaice dai: aikin ake fara samu, tafiyar daga baya take zuwa.

Wane ne makiyayin intanet?

Shi ne mutumin da yake samun abincinsa ta kwamfuta da intanet, kuma ba shi da mazauni ɗaya. Ya yi wata biyu a wannan gari, wata uku a wancan, aikinsa yana cikin jakarsa. Na kira shi makiyayi ne domin yadda mai shanu yake bin ciyawa da ruwa, haka shi ma yake bin inda akwai wuta, sabis mai ƙarfi da haya mai sauƙi.

Kada mu haɗa shi da wasu mutum biyu da suka yi kama da shi. Na farko ɗan ci-rani. Shi yakan bar gida ne ya je inda aikin yake. Makiyayin intanet kuwa bai je neman aiki a garin da ya sauka ba, da aikinsa ya zo, kuma kuɗinsa daga wani wuri suke shigowa. Na biyu mai aiki daga gida, wanda yake zaune a Zariya yana yi wa wani kamfani na Legas ko na Landan aiki. Wannan ya samu rabin abin, saura yawon. Duk makiyayin intanet mai aiki daga nesa ne, amma ba duk mai aiki daga nesa ne makiyayi ba.

Abin ya girme mu. Tun a 1983 wani Ba'amurke, Steven Roberts, ya ɗora 'yar ƙaramar kwamfuta a kan keke ya shiga zagaya Amurka yana rubutu yana aikawa. A 1997 wani injiniya ɗan Japan, Tsugio Makimoto, da wani ɗan jarida na Ingila, David Manners, suka fitar da littafi mai suna Digital Nomad, inda suka yi hasashen cewa ƙananan na'urori za su raba mutane da zaman ofis. A 2007 littafin Tim Ferriss, The 4-Hour Workweek, ya ƙara sa wa matasan Yamma sha'awar abin. Amma annobar korona ta 2020 ce ta buɗe ƙofar sosai, lokacin da aka rufe ofisoshi, kamfanoni suka ga ashe aiki yana tafiya ko ma'aikaci bai zo ba.

Ayyukan da ake yi a haka sun haɗa da rubuta manhaja, zanen tambari da talla, tace bidiyo, rubutu, fassara, mayar da sauti zuwa rubutu, lissafin kuɗin ƙananan kamfanoni, koyarwa ta intanet da amsa ƙorafin kwastomomi. Ku lura, yawancinsu suna da alaƙa da kwasa-kwasan da ake yi a makarantar nan.

Lissafin da ke ƙarƙashin hoton

Me ya sa za ka ga waɗannan mutane sun cika Chiang Mai a Tailan, tsibirin Bali a Indonesiya, Medellin a Kolombiya, ko Lisbon a Fotugal? Kyan wuri yana ciki, amma babban dalilin lissafi ne. Mutum yana karɓar albashin New York ko Berlin, yana kashewa a inda ɗaki da abinci suka fi araha nesa ba kusa ba. Abin da zai biya hayar wata ɗaya a garinsu sai ya riƙe shi watanni a can. Wannan tazarar ita ce ribar.

To mu juya lissafin ya fuskanci ɗan Najeriya. Tun da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, darajarta ta faɗi ƙwarai a gaban dala. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne, kuɗin da ba su kai dala 100 ba. Ma'ana, ga wanda yake karɓar dala, ƙasa mai arahar da Bature yake hawa jirgi ya nema, mu a cikinta aka haife mu. In kana samun dala 300 a wata kana zaune a Katsina ko Jos, kana cikin rufin asiri, har ka taimaka wa gida. Ɗauki wannan dala 300 ka kai Lisbon, ko ɗaki ba za ta kama maka ba. Wannan shi ne abu na farko da hoton bakin teku ba ya faɗa mana.

Maganar fasfo da biza

Abu na biyu takardu. Bajamushe ko Ba'amurke yakan shiga ƙasashe da yawa da fasfonsa kawai. Mu kuwa yawancin wurare sai mun nemi biza, mun kai bayanin asusun banki, mun jira. Sannan bizar yawon buɗe ido a ƙasashe da dama ba ta ba mutum izinin aiki. Ko wanda ya samu bizar ziyara ta yankin Schengen na Turai, kwana 90 kawai zai yi a cikin kowane kwana 180.

Saboda wannan giɓin ne ƙasashe suka fara fito da biza ta musamman ga masu aiki daga nesa. Barbados ta fara tata a Yulin 2020, ta shekara ɗaya, kuɗin takardar dala 2,000 ga mutum ɗaya, kuma ana son mai nema ya kasance yana samun dala 50,000 a shekara. Istoniya ta biyo baya a Agustan 2020, ta nemi shaidar samun yuro 3,504 a wata, daga baya ma ta ƙara. Fotugal ta buɗe tata a Oktoban 2022, da sharaɗin samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar, wanda a lokacin ya kama yuro 2,820 a wata. A nan Afirka, Mauritius da Cape Verde sun fara a ƙarshen 2020, Namibiya a 2022 da biza ta wata shida da sharaɗin dala 2,000 a wata. Kenya da Afirka ta Kudu su ma sun shigo layi a 2024.

Ku dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Babu ƙasar da take cewa zo mu ba ka aiki. Kowacce cewa take yi: nuna mana kana da aiki a wani wuri, ka zo ka kashe kuɗin a wurinmu. Hasali ma yawancin bizojin sun hana mutum karɓar aikin cikin gida. Don haka duk wanda ya ce maka zai samo maka irin wannan biza alhali ba ka da ko sisi da ke shigowa, riƙe aljihunka.

Amma mu ma ba a rufe mu ruf ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Ghana, Benin, Togo, Senegal, Gambiya da Cape Verde duk suna ciki. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025, saboda haka mai niyyar can ya binciki ƙa'idar da ake bi kafin ya kama hanya. Ruwanda ma ta sauƙaƙa wa 'yan Afirka shiga. Sai dai a tanadi fasfo mai sauran kwana da katin rigakafin cutar shawara, don ana tambayarsa a kan iyaka.

Yadda na yi asarar dala 60

Yanzu bari in ba ku nawa labarin, ko wani ya tsira da abin da ya ci ni. Bayan mun gama SIWES na fara aikin mayar da sautin Hausa zuwa rubutu, in fassara shi zuwa Turanci. Na sha wahala kafin in samu mutum ɗaya a Dubai da ya yarda da ni. Wata uku muna aiki lafiya, daga ɗakinmu na makaranta nake yi, in an ɗauke wuta in ruga shagon wani mai janareta.

Da aka yi hutu, sai bikin 'yar kawuna ya taso a ƙauye. A daidai lokacin mutumin ya turo aiki mafi girma da ya taɓa ba ni, dala 60, ya ce in miƙa ƙarfe 9 na safiyar Litinin. Na ce a raina, ai ga dama ta samu, bari in ɗana rayuwar makiyayan nan. Na saka kwamfuta a jaka na hau mota ranar Juma'a.

Da isa na ga ta kaina. Ƙauyen babu wuta, sai shagon mai cajin waya, shi ma da magariba yake tayar da inji. Batirin kwamfutata ba ya kai awa biyu. Sabis kuwa sai ka hau tudun da ke bayan firamare ka ɗaga waya sama. Ga hayaniyar biki, ga aike, wannan ya ce ɗauko kujeru, wancan ya ce raka baƙi tasha. Kawu ya same ni a kan tudun nan ranar Lahadi da yamma ina ta fama, ya ce, "Kai yanzu wannan danne-dannen shi ne aikin?" Na ce, "Shi ne, Kawu, ku yi mini addu'a." Na yi masa bayanin makiyayan intanet. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ai makiyayin ƙwarai ba ya kora shanu sai ya tura an dubo masa inda ruwa yake. Kai wa ka tura?"

Ban da amsa. Na kwana ina aiki da fitilar waya, na gama wajen ƙarfe 8 na safe, na hau tudu na tura, ina murna na riga wa'adi da awa guda. Ashe ƙarfe 9 agogon Dubai yake nufi, su kuma suna gabanmu da awa uku. Tun ƙarfe 6 namu wa'adin ya wuce. Mutumin ya riga ya ba wani aikin, ya bar mini mummunan sharhi a shafina, bai sake nemana ba. Wallahi laifin nawa ne, ba na kowa ba. Sai da na yi wata biyu kafin in sake samun wani.

Abubuwa huɗu da ake dubawa kafin a tashi

Daga wannan faɗuwa na fitar da jerin da nake bi yanzu ko unguwa zan canja.

Na ɗaya, wuta. Ka san awa nawa batirinka yake yi, ka san inda za ka yi caji in an ɗauke, kuma ka tanadi fawa bank mai iya ɗaukar kwamfuta ko ƙaramar sola in hali ya yi.

Na biyu, intanet. Layi ɗaya ba ya isa, a riƙe biyu na kamfanoni daban-daban. A tambayi wanda yake zaune a wurin wane layi ne yake ja, kada a dogara da zato. Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ƙasar farko a Afirka, kuma yana aiki a inda babu dogon ƙarfen sabis, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin mai farawa. Ko a babban birni ma abin yakan tsaya: a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Kodebuwa, aka wayi gari intanet da harkar banki sun rikice a Najeriya, Ghana da maƙwabtansu. Darasin shi ne kada ka bar aiki sai daren wa'adi, kuma ka riƙa ajiye kwafinsa a rumbun intanet da kuma filasha.

Na uku, agogo. Najeriya tana gaban Accra da awa ɗaya, tana bayan Nairobi da awa biyu, Dubai da uku, Bali da bakwai. Da Landan lokacinmu ɗaya ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni muna gabansu da awa ɗaya, domin su suna juya agogo, mu ba ma juyawa. New York tana bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara. Duk wa'adin da aka ba ka, tambayi agogon wace ƙasa, ka rubuta shi da namu. Akwai ma alheri a nan: kusancin lokacinmu da na Turai yana sa mu iya aiki da su da rana, ba sai mun raba dare ba.

Na huɗu, hanyar karɓar kuɗi. Kafin ka karɓi aiki ka san ta inda kuɗin za su iso hannunka, ko asusun dala na banki, ko irin su Payoneer, da nawa za a cire a hanya. Dandalin Fiverr, misali, yana ɗaukar kashi 20 cikin 100 na abin da aka biya ka. In ba ka saka wannan a lissafi ba, za ka yi aikin dala 50 ka ga 40, kafin ma a zo canji.

A nan ne kuma 'yan damfara suke jira. Alamominsu ba su da wuyar ganewa: a ce ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka aiki, ko a yi maka alƙawarin kuɗi masu yawa kan danna wasu maɓallai, ko a ce za a turo kuɗi asusunka ka wuce da su wani wuri. Wannan na ƙarshen zai iya kai mutum gidan yari. Mai ba da aiki na gaskiya shi yake biyanka, ba kai kake biyansa ba.

Abin da ba a ɗauka a hoto

A ce ka samu aikin, ka samu bizar. Akwai sauran nauyi. Haraji yana nan: ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya yi kwana 183 a cikinsu a shekara a matsayin mazauni mai biyan haraji, kuma samun kuɗi daga waje bai wanke mutum daga harajin gida ba. Akwai inshorar lafiya, wadda yawancin bizojin nan suke wajabtawa, domin in ciwo ya kama ka a baƙon wuri babu mai kai ka asibiti sai aljihunka. Mai zaman kansa ba shi da fansho, ba shi da hutun rashin lafiya, kuma wata ya yi kyau wata ya zo fayau.

Akwai kaɗaici. Mu da muka saba da gaisuwar safe, zaman majalisa, suna da biki da ta'aziyya, ba ƙaramin abu ba ne mutum ya riƙa canja gari duk wata biyu, kullum yana baƙo. Ga 'yan uwa mata kuma akwai ƙarin tambayar tsaro da amincewar gida, abin da ya sa aiki daga nesa ba tare da yawo ba zai fi yi wa da yawa daidai.

Sannan akwai haƙƙin masu gari. In baƙi masu dala suka cika unguwa, masu gidaje sukan ƙara haya har 'yan asalin wurin su kasa biya. An daɗe ana wannan kuka a Lisbon, kuma a Yulin 2025 mazauna birnin Mexico sun fito zanga-zanga a kan tsadar haya da suke dangantawa da irin waɗannan baƙi. Wanda ya san zafin ƙarin kuɗin ɗaki a bayan makarantar nan duk sabuwar shekara, ya san abin da suke ji. In Allah ya kai ɗayanmu, ya tuna shi baƙo ne.

To daga ina za mu fara?

Ba ina kashe wa kowa gwiwa ba ne. Abin yana yiwuwa, akwai 'yan Najeriya da suke yinsa. Tsarin hawansa nake so mu gane.

A zaɓi sana'a ɗaya a ƙware a kanta. Ɗaya fa, ba biyar ba. Mai karanta kwamfuta ya riƙe harshen manhaja guda, mai akanta ya koyi manhajar lissafi, mai aikin jarida ya koyi tace bidiyo. Hausar da muke ji ma jari ce, don ana neman masu fassara da masu rubuta sauti, amma sai wanda ya iya ƙa'idar rubutu, ya san inda ƙugiya take. Akwai darussa kyauta a YouTube, akwai shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 don horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha.

A tara samfurin aiki. Mai ba da aiki daga nesa bai damu da takardarka kamar yadda ya damu da abin da ka taɓa yi ba. Furojet ɗinka na ƙarshe, tallan da ka zana wa shagon yayarka, fostar zaɓen ƙungiyar ɗalibai, duk a adana su wuri ɗaya. A gyara Turancin rubuta imel, gajere, mai ladabi, ba irin na hirar WhatsApp ba.

A nemi mai ba da aiki fiye da ɗaya. Ni da nake da guda, rana ɗaya ta mayar da ni sifili. Masu ND, shekarar nan ta IT kafin HND dama ce babba, kada a ƙarar da ita a kwance.

In kuɗi sun fara shigowa a kai a kai, kamar wata shida a jere, kuma an ajiye na cin wata uku a gefe, sai a yi gwajin kusa. Je ka garin da kake da ɗan uwa, ka yi mako ɗaya kana aikinka, ka rubuta nawa ka kashe, sau nawa sabis ya yanke, wa'adi nawa ka cika. In ka ci wannan, gwada wata guda a wani gari. Bayan nan ne za a yi maganar Kwatano ko Accra, sannan a hango masu nisa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi abokin nawa mai hoton bakin teku, da na gama yi masa wannan bayani ya yi shiru, can ya ce, "Wato dai Bali sai a hankali." Na ce masa Bali tana nan ba inda za ta. Yanzu haka kullum bayan lakca yana ɗakin karatu yana koyon zanen talla, ya riga ya yi wa masu shago biyu aiki a bakin get. Ni kuma ina da masu ba ni aiki uku, na sayi fawa bank, kuma a bangon gadona na manna takarda mai agogon garuruwa biyar. In mun gama jarrabawa zan koma ƙauyen nan in gaida Kawu, amma wannan karon sai na miƙa duk aikin da ke hannuna kafin in hau mota.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu gama lafiya.